Tseren Alheri Da Kofin Gasa: Wa Ke Riƙe Da Ma'auni?

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, abin da za mu tattauna a filinmu na wannan mako ya samo asali ne daga wata tambaya da wani tsohon ɗalibina ya kawo mini. Na karantar da shi nahawu tun yana yaro, yanzu kuwa yana jami'a yana karatun harkar kasuwanci. Ya same ni bayan sallar la'asar, muka gaisa, sa'an nan ya ce shi da abokan karatunsa sun shiga wata gasa. Sun koya wa waɗansu mata masu tuyar ƙosai a bayan makarantarsu yadda ake mayar da ɓuntun shinkafa gawayi, don su rage kuɗin da suke kashewa wajen sayen itace, kuma wannan aiki shi za su kai gaban alƙalan gasar. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ba zan ɓoye maka ba, ina son mu ci kofin nan ƙwarai. To, idan mun ci, ladanmu ya tafi ke nan?"

Kafin mu shiga amsa, ya kamata mai karatu ya san irin gasar da ake magana a kanta, domin malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci yadda yake. A shekarar 1975 aka kafa wata ƙungiya a Amurka mai suna SIFE, wadda aka sauya wa suna zuwa Enactus a 2012. Aikinta shi ne ta haɗa ɗaliban jami'a su yi amfani da dabarun kasuwanci wajen kyautata rayuwar masu ƙaramin ƙarfi, sa'an nan kowace makaranta ta tura wakilanta su bayyana abin da suka yi a gaban manyan 'yan kasuwa. Wanda ya yi fice a ƙasarsa sai ya tafi gasar duniya, kuma jami'o'i da kwalejojin fasaha na Nijeriya da yawa suna shiga. Akwai kuma Kyautar Hult, wadda aka fara a 2010 bisa shawarar wani ɗalibin kasuwanci mai suna Ahmad Ashkar, ana ba waɗanda suka ci dala miliyan ɗaya don su kafa kamfanin da zai magance wata damuwar talakawa, ya kuma riƙe kansa da ribarsa. A dukansu biyu, ɗalibai kan sami 'yan mintoci ne kawai su tsaya a kan dandamali su yi bayani, su nuna hotuna da alƙaluma, alƙalai su yi musu tambayoyi, sa'an nan a yanke hukunci.

To, tambayar wannan yaro ta ƙunshi mas'ala uku, kuma za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mas'ala ta farko ita ce, shin ya halatta a yi tsere a kan aikin alheri? Wannan babu saɓani a cikinsa. Allah Ya umarci bayinSa da yin rige-rige zuwa ga ayyukan alheri a cikin Suratul Baƙara aya ta 148, Ya kuma maimaita umarnin a Suratul Ma'ida aya ta 48. Kalmar da Larabawa ke amfani da ita wajen irin wannan gasa, wato "tanafus", tushenta ɗaya da "nafis", abin da yake da daraja ƙwarai, domin mutane ba su yin rububi sai a kan abu mai daraja. Sahabbai sun yi wannan tsere a aikace. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa wata rana Manzon Allah (S.A.W.) ya nemi a kawo sadaka, Sayyidina Umar ya ƙudurta a ransa cewa yau zai tsere wa Abubakar, ya kawo rabin dukiyarsa, sai ga Sayyidina Abubakar da dukan abin da ya mallaka. Daga nan Umar ya sallama cewa ba zai taɓa wuce shi ba. Ku lura, Umar da kansa ya bayyana cewa yana son ya wuce ɗan'uwansa, kuma babu wanda ya ɗauki wannan buri a matsayin aibi.

Mas'ala ta biyu ita ce kyautar da ake bayarwa. Abin da shari'a ta hana shi ne caca, wato masu gasa su zuba kuɗinsu, wanda ya ci ya kwashe na sauran. Amma idan wani ne daga gefe ya ajiye dukiyarsa ya ce duk wanda ya yi aiki kaza mai amfani zai samu, wannan yana da asali a fiƙihu, a babin da ake kira ji'ala, kuma malamai kan kafa hujja da Suratu Yusuf aya ta 72, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki da ya ɓace. Mu ma nan ƙasar mun saba da musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda jami'ar Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, ana ba mahaddata kyaututtuka a gaban manyan malamai. Saboda haka kofi da kuɗin da ke tare da shi halal ne, muddin sana'ar da aka gina gasar a kanta ba ta ƙunshi riba irin ta bashi da ruwa ko wani haram ba.

Mas'ala ta uku ita ce wadda ta fi damun mai tambaya, wato niyya. Yana da gaskiya da ya ji tsoro. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa cikin mutanen da za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama akwai mai dukiya da ya ciyar ta kowace hanya, amma don a ce masa mai kyauta ya yi, an kuwa faɗa a duniya, sai a ja shi zuwa wuta. Wanda ya san wannan hadisi bai kamata ya hau dandamali da sakin jiki ba.

Sai dai malamanmu sun bambance abubuwa biyu da jama'a kan cakuɗa. Shihabuddin Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan hijira, ya yi bayani a littafinsa Alfuruƙ cewa riya daban, haɗa wata manufa ta halal da aikin ibada daban. Riya ita ce mutum ya yi aikin don idon mutane, don su girmama shi. Amma wanda ya tafi hajji ya kuma yi fatauci a hanya, ko ya yi azumi yana kuma son lafiyar jikinsa, aikinsa bai ɓaci ba, ko da yake ladansa zai iya kasa na wanda bai haɗa da komai ba. Allah da kanSa Ya ɗauke laifi daga mahajjaci mai neman arziki a Suratul Baƙara aya ta 198. Imamu Gazali kuma, a cikin Ihya'u, ya ce a auna abin da ya zaburar da mutum: idan neman yardar Allah ya rinjayi neman yabo, yana da lada gwargwadon rinjayen, idan kuwa neman yabo ne ya rinjaya, to ya yi hasara. Haka nan Abu Zarri ya ruwaito, a cikin Muslim, cewa an tambayi Annabi (S.A.W.) game da mutumin da ya yi alheri mutane suka yabe shi, ya ce wannan bushara ce da aka gaggauta wa mumini.

Bayyana alheri ma yana da nasa amfani. A lokacin da waɗansu matalauta 'yan ƙabilar Mudar suka zo Madina cikin tsumma, wani mutumin Madina ya kawo jakar kuɗi a gaban kowa, har hannunsa na neman gazawa, jama'a suka bi sahunsa har aka tara abinci da tufafi tuli biyu, fuskar Annabi (S.A.W.) ta yi haske don murna. Ɗalibin da ya tsaya gaban ɗaruruwan 'yan'uwansa ya nuna musu cewa ilmin kasuwanci zai iya share wa bazawara hawaye, mai yiwuwa ya tayar da himmar goma daga cikinsu.

Wannan ita ce amsar da na ba shi, ya kuwa yi murna, ya yunƙura zai tashi. Na ce ya zauna tukuna, domin ya tambaye ni abin da ya shafi ladansa, bai tambaye ni abin da ya shafi matan nan ba, alhali nan ne nauyin ya fi yawa. Abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba na wanke shi. Haƙƙin wani kuwa ba ya faɗuwa sai an biya ko mai shi ya yafe.

Ya ɗan'uwa mai karatu, dubi yadda gasar take. Wanda ke bayar da maki yana zaune a ɗakin taro mai sanyi, bai taɓa hura wuta da gawayin nan ba, bai san ko yana hayaƙi ko yana saurin cinyewa ba. Wadda ta sani, wato mai tuyar ƙosai, ba ta cikin ɗakin, hotonta kaɗai aka kawo. Idan mai aunawa daban ne da mai amfani da abin, to a hankali ɗalibi zai koyi gyara abin da ke burge mai aunawa, ko da kuwa bai yi nufin yaudara ba. Wannan ba zato ba ne, ya faru.

A Afirka ta Kudu an ƙirƙiro wani famfon ruwa mai suna PlayPump, wanda aka haɗa da abin wasan yara mai juyawa, yara na zagaya shi suna wasa, ruwa na hawa tanki. Duk wanda ya ga hotonsa sai ya so shi. Ya ci kyautar Bankin Duniya a shekarar 2000, a 2006 kuma aka yi shelar ba shi tallafin dala miliyan 16.4 daga gwamnatin Amurka da waɗansu gidauniyoyi. Da masu bincike suka koma ƙauyuka, musamman a Mozambik, sai suka tarar yara na gajiya su watse, mata ne, har da tsofaffi, ke tura shi da ƙyar don su sami ruwan sha. Ya fi famfon hannu tsada nesa, idan ya lalace mutanen gari ba su iya gyara shi, kuma a waɗansu wurare an cire famfon hannu mai aiki aka kafa shi ba tare da an shawarci masu shan ruwan ba. Waɗanda suka kawo shi alheri suka nufa, amma da an tambayi matan tun farko da ba a kai ga haka ba.

Misali na biyu ya fi kusa da 'yan gasarmu. A 2013 ɗalibai biyar masu karatun kasuwanci a Jami'ar McGill ta Kanada suka ci Kyautar Hult, tsohon shugaban Amurka Bill Clinton ya miƙa musu a birnin New York. Tambayar gasar a shekarar ita ce yadda za a samar da abinci ga mazauna unguwannin marasa galihu na manyan birane, su kuma suka kawo shawarar kiwon ƙwarin da ake ci, abin da ba zai ba mu mamaki ba mu da muka saba da soyayyar fara. Sun kafa kamfani mai suna Aspire, sun yi aikin kiwon tsutsar bishiyar kwakwar manja tare da manoma a Gana, daga baya suka karkata zuwa kiwon gyare a Amurka da Kanada, inda suka kammala wata babbar masana'anta a lardin Ontario a 2022, wadda mafi yawan abin da take fitarwa aka nufe shi da abincin dabbobin gida. A 2025 bashi ya kai kamfanin gaban kotu, aka naɗa wanda zai karɓi ragamarsa saboda masu bin bashi. Ban kawo wannan don zargin kowa ba, domin kasuwa riba ce da faɗuwa, kuma Allah kaɗai Ya san zukata. Na kawo shi ne don ɗalibanmu su ga cewa idan kuɗin masu hannun jari ya shigo, hanya kan bi inda mai saye ya fi ƙarfi, talakan da aka fara tafiyar dominsa kuwa ba shi da ƙarfin da zai jawo ta ta dawo wajensa.

To, mene ne ma'aunin da za mu riƙe? Abu Dawuda da Ibn Maja sun ruwaito, ko da yake waɗansu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, cewa wani mutumin Madina ya zo roƙo wurin Annabi (S.A.W.). Ya tambaye shi abin da ke gidansa, ya ce shimfiɗa ce da ƙwarya. Annabi ya yi gwanjonsu a kan dirhami biyu, ya ce ya sayi abinci da ɗaya, ya sayi bakin gatari da ɗaya, ya sa masa ƙota da hannunsa mai albarka, ya ce ya tafi ya yi itace, ya dawo bayan kwana goma sha biyar. Mutumin ya dawo da dirhami goma. Ku dubi tsarin nan da kyau. An fara da tambayar mutumin abin da yake da shi, jarin ya fito daga kayansa, sana'ar kuwa wadda zai iya ce shi kaɗai, sa'an nan aka sa ranar da za a sake ganinsa a ji abin da ya samu. Hujjar nasara ita ce dirhami goman da ke hannun matalaucin.

Haka kuma rijiyar Ruma, wadda Sayyidina Usman ya saya ya bar wa Musulmi, gugansa kamar gugan kowa. Darajar wannan aiki tana cikin ɗorewarsa, mutane suka yi ta sha bayan mai sayen ya koma ga Ubangijinsa. Nana A'isha ta ruwaito, a cikin Buhari da Muslim, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Gasa kuwa tana da ranar rufewa, ɗalibi yana da ranar gama makaranta, ita kuwa mai ƙosai gobe ma sai ta hura wuta.

Saboda haka ga nasihata ga 'ya'yanmu masu shiga irin wannan gasa, da malaman da ke jagorantarsu.

Da farko, kada a ƙara ko da mutum ɗaya a kan adadin waɗanda suka amfana. Idan mata goma sha biyu aka koya wa, huɗu suka ci gaba, a faɗi huɗun nan. Kumbura alƙaluma don a burge alƙalai algus ne, kuma kuɗin da aka ci ta wannan hanya an ƙwace shi ne daga wata ƙungiya da ta faɗi gaskiya. Wanda ya saba da tauye mudu a gasar makaranta, da shi zai shiga kasuwa.

Na biyu, a kiyaye mutuncin wanda aka taimaka. Allah Ya gargaɗe mu a Suratul Baƙara aya ta 264 da kada mu ɓata sadakarmu da gori da cutarwa. Kalmar gori a Larabci ita ce "mannu", kuma masana lugga sun ce tushenta yana ɗauke da ma'anar yankewa, kamar dai mai gori yana yanke alherinsa da hannunsa. Ɗaukar hoton matar aure a cikin tsummanta, a bakin murhunta, a haska a bango gaban baƙi ba da saninta ba, ko da saninta amma kunya ta hana ta ƙi, yana iya shiga cikin wannan cutarwa. A nemi izini a fili, a gaya mata inda hoton zai je, idan ta ƙi a haƙura.

Na uku, kada a sa talaka ya ɗauki hasarar gwaji. Ɗalibi idan dabararsa ta rushe, maki ya rasa. Matar da ta sayar da akuyarta ta sayi kayan aiki bisa maganarsa, jarinta ta rasa. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, kuma malamai sun gina ƙa'idoji masu yawa a kansa. Duk abin da ba a tabbatar da ingancinsa ba, a gwada shi da kuɗin ƙungiya.

Na huɗu, tun kafin a hau dandamali a rubuta wanda zai riƙe aikin bayan an gama makaranta, da rabon da mutanen za su samu idan an ci kyauta, domin da labarinsu da guminsu aka ci ta. Alkawari kaya ne, wanda ya ce wa mabuƙaci zai dawo ya ɗauki bashi.

Masu shirya gasa ma suna da nasu nauyi. Da za su riƙa tura wakili ya je ya ji daga bakin mutanen da aka ce an taimaka, su kuma ware wani kashi na kyautar sai bayan shekara an koma an ga abin da ya rage, da yawancin wannan ɓarna ta kau.

Da na gama, ɗalibin nan ya yi shiru, can ya ce, "Malam, to yaya zan gane ko don Allah nake yi ko don kofi?" Na ce masa hanyar tana da sauƙi, ko da yake tana da ɗaci. Ka ƙaddara an yi gasa kun faɗi tun zagayen farko, ba wanda ya tafa muku. Ranar Asabar mai zuwa za ka koma wurin matan nan ka ga ko gawayin na ci, ko kuwa ba za ka koma ba? Abin da ƙafarka ta yi a ranar shi ne amsar tambayarka, kuma ba ka bukatar malami ya fassara maka.

Ku shiga gasa, ya ku 'ya'yanmu, ku yi ƙoƙari ku ci, domin muna bukatar 'yan kasuwa masu ilmi da tausayi, kuma gara ku yi tsere a kan wannan da ku yi a kan abin banza. Amma ku tuna akwai wani zama a gaba, inda wanda aka taimaka zai halarta da kansa ya yi magana da bakinsa, kuma ba za a karɓi hoto a madadinsa ba.

Allah Ya tsarkake niyyarmu, Ya sa ayyukanmu su amfani bayinSa, Ya kiyashe mu daga cin haƙƙin raunana.